Sanarwar Bayan Taro Kan Taƙaita Yawo da Itacen Wuta Don Kare Dazuzzuka Daga Ƙwarin Ƙetare

GABATARWA

Ƙungiyarmu ta zumuncin Hausawa mazauna jihohin da ke kewaye da Manyan Tafkunan Amurka da kudancin lardin Ontariyo na Kanada ta gudanar da taron yini guda a birnin Ditroit na jihar Mishigan. An yi taron ne gabanin shigowar lokacin zafi, sa'ad da iyalai ke fita shaƙatawa a gandun daji da bakin tafki. Dattawan ƙungiya da limamai da shugabannin mata da na matasa sun halarta, tare da wakilan rassa daga Ohayo, Indiyana, Ilinoyi, Wiskonsin, Minesota, Pensilbaniya da Niyok. An kuma gayyaci 'yan'uwanmu direbobin manyan motoci, da masu sana'ar tsire da balangu, da masu aikin sare bishiya da gyaran lambu, tun da maganar ta fi shafar sana'o'insu.

Batu ɗaya aka taru a kai, wato ɗaukar itacen wuta daga wani gari zuwa wani. Yawancinmu mun taso a inda itace ke da daraja, inda ba a wuce gungume a kan hanya a bar shi, kuma matafiyi kan yi guzurin duk abin da zai buƙata tun daga gida. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a ƙasar da muke zaune yanzu, faskaren da aka loda a bayan mota yana iya zama ajalin dajin da aka kai shi. Bayan sauraron bayanin masana aikin gandun daji da doguwar muhawara, taron ya fitar da wannan sanarwa.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Babban abin da ya tayar da hankalin mahalarta shi ne koren ƙwaron bishiyar ash. A shekarar 2002 aka fara gano shi a kewayen Ditroit da kuma Winza da ke tsallaken kogi a Kanada. Asalinsa daga gabashin Asiya ne, kuma masana na ganin ya shigo ne cikin katakon ɗaure kaya na jiragen ruwa tun shekarun 1990, ya daɗe yana ɓarna kafin a farga. Ƙwaro ne ɗan ƙarami mai sheƙi, tsawonsa santimita ɗaya da 'yar ɗoriya. Macen kan saka ƙwai a tsagar ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta riƙa cin ɓangaren da ke kai ruwa da abinci tsakanin saiwa da ganye. Sai bishiya ta fara bushewa daga ƙololuwa, cikin 'yan shekaru ta mutu a tsaye. Zuwa yanzu ya kashe ɗaruruwan miliyoyin bishiyoyi, ya kuma ɓulla a jihohin Amurka fiye da 35. A 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya nau'o'i biyar na ash ɗin Arewacin Amurka cikin waɗanda ke dab da ƙarewa.

2. Mahalarta sun ga wannan ɓarna da idonsu. Ɗaya daga cikin masanan ya zo da guntun icen ash wanda aka riga aka gasa a tanderu don kashe abin da ke cikinsa, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Daga waje lafiyayyen faskare ne, wanda kowannenmu zai tsinta da murna. Da aka ɗaga ɓawon sai ga hanyoyin tsutsa sun yi ta lanƙwasa a jikin icen, hagu da dama, cike da garin katako da kashinta. A jikin ɓawon kuma akwai 'yan ramuka masu siffar harafin D, faɗinsu bai fi milimita uku zuwa huɗu ba, ta nan ƙwaron ke fita idan ya girma. Da yawa daga cikinmu sai da aka nuna musu ramin da bakin alƙalami kafin su gan shi. An kuma nuna hotuna biyu na wani layi a birnin Toledo na Ohayo: a 2006 bishiyoyi sun haɗa kai sun rufe titin da inuwa, a 2009 kuwa duk sun zama ƙwarangwal.

3. Da fiffikensa kaɗai, ƙwaron ba ya cin nisa, 'yan mil kaɗan yake ƙarawa a shekara. Amma a 2013 aka same shi a Bolda ta jihar Kolorado, a 2017 a Winifeg, a 2022 a jihar Oregon, a 2024 kuma a Bankuba da ke gaɓar yammacin Kanada. Tsakanin waɗannan wurare da inda cutar take a baya akwai ɗaruruwan mil na filaye da duwatsu. Irin wannan tsalle mutane ne ke yi masa, ta hanyar itacen wuta da gumagumai da dashen bishiya. Tafiyar da mota za ta yi daga hantsi zuwa la'asar, ƙwaron zai shafe shekaru aru-aru bai yi ta ba.

4. Ash ba ita kaɗai ke cikin haɗari ba. Akwai ƙwaro mai dogayen ƙahoni na Asiya, baƙi mai fararen ɗige-ɗige, wanda ya fi son bishiyar mefil. An gano shi a Buruklin ta Niyok a 1996, a Shikago a 1998, a Toronto a 2003, a Wusta ta Masachusets a 2008, sannan a gundumar Kilamon ta Ohayo a 2011. Maganinsa kawai shi ne a sare bishiyar da ya kama a niƙe ta. A yankin Wusta an sare bishiyoyi fiye da dubu 30. A Ohayo kuwa hukumomi sun danganta ɓullarsa a wani yanki na maƙwabta da itacen wuta da aka kwasa daga inda ya fara. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne Shikago ta kawar da shi baki ɗaya a 2008, shekara goma bayan gano shi, saboda an farga da wuri kuma jama'a sun ba da haɗin kai.

5. Wasu ƙwarin ba sa huda ice, ƙwai suke liƙawa a jikinsa. Akwai wani malam-buɗe-littafin dare da aka shigo da shi Medfod ta Masachusets a 1869, wanda tsutsarsa ke cinye ganyen daji ƙarƙaf. Dunƙulen ƙwansa ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan ƙwai, kuma yakan liƙa shi a faskare, a kujerar waje, a tanti ko ƙarƙashin mota. Akwai kuma ƙwaro mai ɗige-ɗigen fiffike da ya ɓulla a gundumar Baks ta Pensilbaniya a 2014, mai tsotse ruwan inabi da na wasu bishiyoyi, wanda ƙwansa ke kama da busasshen taɓo. Ban da ƙwari, cutar da ke busar da bishiyar ok ita ma tana bin ɗanyen itace zuwa sabon wuri.

6. Asarar ta wuce ta daji. Al'ummomin asali na wannan yanki, irin su Ojibwe da Odawa da Potawatomi, sun gaji saƙar kwando da baƙar ash tun kaka da kakanni, yanzu kuma icen na neman gagarar su. Mai gida da bishiya ta mutu a farfajiyarsa shi zai biya kuɗin sare ta, kuma matacciyar ash saurin karyewa gare ta, tana iya faɗa wa rufi ko mota ko mutum. Unguwar da ta rasa inuwa zafinta kan ƙaru, darajar gidajenta ta ragu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a irin waɗannan unguwanni suke zaune.

7. Wakilai sun tuna cewa mu ma mun san zafin ƙwaron da ya zo daga nesa. A 2016 tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki a Kadawa da sauran wurare, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ne kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin zangarniya a Najeriya, ita ma daga nahiyar Amurka. Hanyar shigowarsu daban ce da ta itace, amma raɗaɗin ɗaya ne. Wanda ya ga abin da aka yi wa gonar mahaifinsa bai kamata ya zama silar irinsa a dajin wasu ba.

8. Game da doka, taron ya lura cewa a watan Janairun 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta janye dokarta ta killace yankunan koren ƙwaron, ta mayar da ƙarfinta kan sakin wasu ƙananan zanzaro marasa harbi da ke kashe ƙwansa da tsutsarsa, aikin da aka faro a Mishigan tun 2007. Wasu sun ɗauka wannan na nufin an buɗe hanya, alhali dokokin jihohi na nan daram. Jihar Niyok ta hana shigo da itacen da ba a gasa ba, ta kuma hana kai shi fiye da mil 50 daga inda aka sare shi. Wiskonsin ba ta yarda a shiga filayen gwamnatinta da itacen da ya fito daga nisan da ya wuce mil 10 ba, sai mai takardar shaida. Jihohin Men da Bamont da Niyu Hamsha sun hana shigo da ɗanyen itacen wuta daga waje. A kan iyakar Amurka da Kanada ma akwai tsauraran ƙa'idoji ta kowane ɓangare.

TAMBAYOYIN DA AKA TAYAR

Mahalarta sun yi magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma taron ya ga dacewar a rubuta amsoshin da aka bayar domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Wani dattijo ya ce itacensa ya shekara a jibge, ya bushe ƙayau, ina ƙwaro zai rayu a ciki? Aka amsa masa cewa shanya ba ta kashe tsutsa, tana iya zama cikin faskare ta fito ƙwaro har bayan shekara biyu. Abin da ke kashe ta shi ne gashi a tanderu, inda zafi zai ratsa har tsakiyar icen ya kai digiri 60 na ma'aunin Salshiyos na tsawon minti 60. Jihar Niyok ma digiri 71 take nema na tsawon minti 75.

Wani matashi ya ce ai idan ya kai itacen sansani ƙona shi zai yi duka a daren. Aka ce masa da wuya haka ta faru. Ruwa kan sauko, a tashi a bar ragowa ga na baya da niyyar alheri, ko ɓawo ya ɓantare ya faɗi a ciyawa. Guntu ɗaya ya isa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun tayar da maganar Babbar Salla. A al'adarsu akan feɗe rago a baje shi a kan sanduna biyu da aka gicciye, a jera raguna kewaye da babbar wuta tun rana har dare, kuma wannan gashi na cin gumagumai masu yawa. Wasu kan loda su daga gida zuwa gonar da za a yi yanka, tafiyar awa biyu ko uku. An yarda cewa al'adar ba ta da laifi, abin gyara shi ne inda icen ke fitowa. Manomin da ya sayar da rago galibi yana da itace ko ya san maƙwabcin da ke da shi.

Iyaye mata sun koka da tsadar ɗaurin itace a bakin gandun shaƙatawa, ga shi maƙwabci ya sare bishiya yana rabarwa kyauta. Taron bai raina wannan kuka ba. Sai dai bishiyar da ake rabarwa kyauta sau da yawa cuta ce ta kashe ta, don haka ita ce mafi haɗarin ɗauka zuwa nesa. A karɓa a ƙona a gida, wannan babu damuwa.

MATSAYAR TARO

Bisa abubuwan da suka gabata, taron ya amince baki ɗaya da waɗannan matakai:

1. Daga yau ƙa'idar kowane ɗan ƙungiya ita ce: inda za ka hura wuta, nan za ka sayi itace. Abin da ya fi shi ne icen da aka sare cikin mil 10, wato kimanin kilomita 16, daga wurin. Kada a wuce mil 50, wato kilomita 80, ko da dokar wurin ba ta hana ba.

2. Wanda dole ta sa zai yi guzurin itace, ya sayi gasasshe mai hatimin hukumar gona ta tarayya ko ta jiha a jikin ledarsa, kuma kada ya buɗe ɗaurin sai ya isa. Rubutun da ke cewa an busar da ice a tanderu bai wadatar ba idan babu hatimin hukuma.

3. Itacen da aka saya a sansani a ƙone shi a can. Ragowa ba ta dawowa gida. Wanda kuma ya riga ya kai baƙon itace wani wuri bisa rashin sani, ya ƙone shi duka nan take har da ɓawo da ɓarɓashi.

4. A duk wani taron ƙungiya, na Salla ko suna ko walima ko fitar yara, kwamitin shirya taro ne zai tanadi itace ko gawayi daga yankin da za a yi taron, daga asusun reshe. Ba za a ƙara roƙon mutane su zo da nasu ba. Ta haka tsadar za ta rarrabu, ba za ta faɗa kan gida ɗaya ba.

5. Masu tsire da balangu da ke zagaya bukukuwa daga jiha zuwa jiha su riƙa tafiya da gawayi, domin wuta ta riga ta cinye duk abin da ke cikinsa. Mai son ƙamshin hayaƙin ice ya saye shi a garin da ya sauka.

6. Direbobin manyan motoci su riƙa duba tayoyi da ƙarƙashin tirela da katakon ɗora kaya kafin su bar yankin da aka killace saboda ƙwaro mai ɗige-ɗigen fiffike, su kankare duk ƙwan da suka gani su murƙushe shi. Masu kamfanin kansu su nemi takardar izinin da Pensilbaniya da wasu jihohi ke buƙata. Kada direba ya yi wa kowa alfarmar ɗauko itace a hanyar dawowa, ko da amininsa ne.

7. Masu aikin sare bishiya da gyaran lambu su kai gumagumai da rassa wurin da ƙaramar hukuma ta keɓe ko su niƙe su a inda aka sare. Kada su tallata su ga mutanen nesa.

8. Masu dawowa daga gida da turmi ko taɓarya ko muciya ko itacen turaren wuta ko sassaƙen magani su bayyana su ga jami'an kwastan a filin jirgi. A guji ɗauko duk wani ice mai ɓawo ko mai alamar huda.

9. Kowane magidanci ya duba bishiyoyin gidansa da na layinsu, musamman a watan Agusta. Alamomin su ne bushewar ƙololuwa, da ƙananan rassa da ke tsirowa a gindi, da garin katako a ƙasa, da ramuka a ɓawo, da yawan saran tsuntsaye masu ƙwaƙule ice. Wanda ya ga haka ya ɗauki hoto ya sanar da hukumar gona ko ta albarkatun ƙasa ta jiharsa.

10. Kowane reshe zai naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bibiyar dokokin jiharsa, tun da sukan canza, ya sanar da jama'a ta zauren WhatsApp kafin kowace fita. Sakatariya za ta shirya taƙaitaccen bayani da Hausa, a rubuce da kuma cikin murya saboda iyayenmu da ba sa karatun boko, bisa bayanan shirin Don't Move Firewood da ƙungiyar The Nature Conservancy ke gudanarwa.

11. Matasa za su jagoranci dashen bishiyoyi a unguwannin da muke zaune tare da haɗin gwiwar ƙananan hukumomi. Za a dasa iri daban-daban, domin layin da aka cika da iri ɗaya cuta ɗaya ce ke share shi.

KIRAYE-KIRAYE

Taron na roƙon malamanmu da limamai su sanya wannan batu cikin huɗuba da wa'azi, musamman kafin Babbar Salla, su tunatar da jama'a cewa bishiya amana ce, kuma cutar da maƙwabci haramun ce ko da ta hanyar sakaci ne.

Taron na kira ga hukumomin gandun shaƙatawa su tabbatar akwai itace mai sauƙin kuɗi a kowane sansani, domin tsada ce ke tura mutane yin guzuri. Muna kuma roƙon hukumomin jihohi su daidaita dokokinsu, tun da mutum ɗaya kan ratsa jiha uku a yini, kowace da tata ƙa'ida, su kuma fitar da bayanai cikin harsunan baƙi mazauna ƙasar. Ƙungiyarmu a shirye take ta taimaka da na Hausa ba tare da an biya ta ba.

Taron na miƙa hannu ga sauran ƙungiyoyin 'yan Afirka da masallatai da coci-coci na yankin, su ɗauki irin wannan mataki. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu da ke jihohin da cutar ba ta kai ba su yi aiki da wannan sanarwa tun yanzu.

RUFEWA

 An ɗora wa kwamitin zartarwa alhakin bibiyar waɗannan matakai, kuma kowane reshe zai kawo rahoton abin da ya aiwatar a babban taro na gaba, wanda za a yi a watan Oktoba.

Wannan ƙasa ta karɓe mu, a nan muke neman abinci, a nan 'ya'yanmu ke tasowa. Haƙƙi ne a kanmu mu kiyaye dazuzzukanta kamar yadda muke so a kiyaye namu na gida. Allah Ya ba mu ikon cika alkawarin da muka ɗauka, Ya tsare mu da zama sanadin ɓarna, Ya albarkaci zumuncinmu. Amin.

Sa hannu:

Shugaban Ƙungiya

Babban Sakatare

Shugabar Mata

A madadin ɗaukacin mahalarta taro